Dangwale

Ƙarfe huɗu da rabi na bar Masaka,
ɗiyata na barci, ban ga ƙwayar idonta ba.
A Nyanya motoci sun yi cirko-cirko,
kwandasta na zagi, ni ina lissafi:
minti ɗaya bayan takwas, dubu biyu ta tafi.

A bakin ƙofa, a Utako, akwai wata na'ura
mai jan ido kamar garwashi.
Ita nake fara gaisarwa.
In miƙa mata yatsa, ta lasa, ta yi ƙara.
Ta haddace lokacin shigata,
ba wanda ya koya mata lokacin fita.

Yallaɓai sai sha ɗaya,
turarensa kan riga shi hawa bene.
Da mun shaƙa, dariya ta koma ciki,
'yan tsaki sun ga inuwar shaho.
"A nan mu dangi ɗaya ne," in ji shi.
To, na ga dangin:
mai cin tsoka guda, masu kankare tukunya goma sha bakwai.

Rahoton da na kwana uku ina dafawa,
da yatsa ɗaya ya share sunana,
ya kai Maitama, aka yi masa tafi.
Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.
Ranar da lamba guda ta karkace a shafi na tara
sai ga shi ya tuna ni, har da sunan ubana,
a gaban kowa,
har yaron da ke kawo shayi.

Rifkatu kan shiga banɗaki ta sake famfo,
ruwa ya ɗaga murya ya rufa mata asiri.
Ta fito ta ce mura ce.
Mun san murar. Duk muna da ita.
Baba Tanimu masinja, shekara ashirin da biyu,
an sallame shi da agogon bango,
ko batir babu.

Jiya an ce dama, yau an ce hagu,
gobe a ce uban wa ya ce ku motsa.
Ƙarfe biyar a tara mu awa biyu
a tambaye mu me ya sa aiki ba ya ƙarewa.
Gambo ya zama kunnen bene:
abin da ka furta a rumfar mai tuwo
kafin ka wanke hannu ya riga ka sama.
Albashi kuwa, famfon unguwarmu:
ya zo ranar da ya ga dama, siriri, da tari.

Akwai takarda a durowata ta ƙasa,
layi huɗu ce, na gode, na ajiye.
Sau uku ina canza mata kwanan wata.
Duk na ɗauko ta, sai mai gidan haya ya yi sallama,
sai kuɗin makaranta ya yi gyaran murya.

Daren Laraba, tara da wani abu,
Ramlatu ta rugo da kofin kunu ta tare ni,
ya fantsama a kan fayil.
Na ce, "Ke wace irin marar amfani ce?"
Ɗakin ya yi tsit.
Bakina ne ya buɗe,
amma muryar daga bene ta sauko,
har ƙamshin turaren na ji.
Ba ta yi kuka ba. Ta sunkuyar da kai
daidai yadda nake sunkuyarwa.

Da safe na miƙa wa na'ura yatsa.
Ta lasa, ta yi ja, ta ce ba ta gane ni ba.
Na goge a riga, na sake miƙawa. Ta ƙi.
Na ce, ba laifinki ba ne,
ni ma tun jiya nake nemansa.